Hukuncin kallon katun na tatsuniya da koyon zana shi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina da yara uku, kuma sun kamu da son wani fim na katun, irin wanda aka zana da hannu. Tatsuniya ce ta wasu abokai biyu matalauta da suka ceci wata tsuntsuwa mai magana, ita kuma ta nuna musu wata bishiya mai 'ya'yan zinariya, ta ce kowa ya tsinki ɗaya a rana. Ɗaya ya tsaya inda aka ce, ɗayan ya lallaɓo da dare da gatari don ya kwashe duka. Bishiyar ta bushe, aljanar da ke cikinta ta mayar da shi dutse, sai da abokin ya sadaukar da rabonsa kafin ya dawo mutum. Ni dai na ga darasi a ciki. Amma yayan maigidana ya ce haramun ne, domin hoton masu rai ne, labarin kuma ƙarya ne. Ga shi babban ɗana mai shekara 14 ya fara kwaikwayon zanen, yana cewa sana'ar da zai koya ke nan. Malam, in hana su ne ko in ƙyale su?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri da kika zauna kika kalli abin da 'ya'yanki suke kallo har kika iya ba da labarinsa. Yayan maigidanki kuma bai yi magana da ka ba, akwai nassi a bayan abin da ya faɗa. Sai dai ya haɗa mas'aloli da dama ya yi musu hukunci ɗaya, alhali yin zane daban, kallonsa daban, ƙagaggen labari kuma babinsa daban.

Malamai suna cewa ba a yi wa abu hukunci sai an san yadda yake. Irin wannan fim, masu zane ne suke zana hotuna ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ɗan bambanta da na bayansa, sannan a jera su a riƙa nunawa da sauri har ido ya ga kamar motsi ne. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a kowane sakan, masu zanen hannu kuma sau da yawa suna yin zane 12, a nuna kowanne sau biyu. A wannan lissafi, fim mai minti 90 zai ci zane fiye da 60,000. Don haka babu mai cewa wannan kamar hoton kyamara ne da ke kama surar da Allah ya riga ya halitta. Zane ne na hannun mutum, kuma hadisan da suka yi magana a kan hoto sun shafe shi kai tsaye.

Hadisan kuwa masu tsanani ne, bai halatta a yi musu riƙon sakainar kashi ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud cewa masu yin hotuna suna cikin mafi tsananin azaba a ranar alƙiyama. Wani mutum ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas ya ce da aikin hannunsa yake ci, hotuna yake yi. Ɗan Abbas ya faɗa masa abin da ya ji daga Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, cewa za a tilasta wa mai yin hoto ya busa masa rai, kuma ba zai iya ba. Da ya ga mutumin ya firgita, sai ya ce in dai sai ya yi, to ya zana bishiya da duk abin da ba shi da rai. Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta rataya labule mai hotuna, Annabi ya yage shi, ta mayar da shi matasan kai biyu, kuma a ruwayar Bukhari ya kasance yana zama a kansu. A kan waɗannan ne Imam Nawawi da malamai masu yawa suka ce zana mai rai haramun ne, yana da inuwa ko ba shi da ita.

Malaman Malikiyya sun bambanta. A wurinsu, kamar yadda Shehu Dardir ya yi bayani a sharhinsa na Mukhtasar Khalil, abin da ya haramta shi ne surar mai rai wadda take da jiki har tana yin inuwa, gaɓoɓinta kuma cikakku, wato mutum-mutumi. Zanen da ke shimfiɗe a takarda ko tufa makaruhi ne idan ba a wurin da ake wulaƙanta shi yake ba, idan kuma a inda ake takawa ne ko ake zama, barinsa ya fi amma babu laifi. Hujjarsu ita ce hadisin Abu Ɗalha a Bukhari da Muslim, wanda ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da akwai hoto, sannan ya togace zanen da ke jikin tufa. Imam Nawawi ya kira ra'ayin bambancewa da inuwa ɓatacce, amma Hafiz Ibn Hajar a Fathul Bari bai bar maganar haka ba. Ya ce an ruwaito shi da isnadi ingantacce daga Ƙasim ɗan Muhammad, jikan Sayyidina Abubakar, ɗaya daga manyan malaman fiƙihun Madina bakwai, wanda kuma Nana A'isha mai hadisin labulen gwaggonsa ce. Saɓani ne na gaske tun zamanin magabata, kowane ɓangare da dalilinsa.

Akwai kuma wani babi da ya fi kusa da tambayarki, shi ne kayan wasan yara. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha tana wasa da 'yan tsana a gidan Annabi tare da ƙawayenta. Abu Dawud ya ruwaito cewa da Annabi ya dawo daga Tabuka ko Khaibara, iska ta yaye labule ya ga 'yan tsanarta, a tsakiyarsu akwai doki mai fukafukai biyu na ƙyalle. Ya tambaye ta cikin mamaki, doki da fukafukai? Ta ce ashe bai ji cewa Annabi Sulaimanu yana da dawakai masu fukafukai ba? Sai ya yi dariya har turamensa suka bayyana. Ki duba wannan hadisi da kyau. Abin yana da jiki, yana da inuwa, surar mai rai ce, kuma halitta ce da babu irinta, hasashen yarinya ne kawai, amma bai hana ta ba. Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz ma ta ce suna yi wa yaransu abin wasa na ulu su shagaltar da su da shi ranar Ashura har lokacin buɗa baki, kuma yaran da ta ambata ba mata kaɗai ba ne. Idan Shari'a ta yi rangwame a kan mai inuwa saboda amfanin yaro, alhali shi ne mafi tsanani, to shimfiɗaɗɗen zanen da aka yi don tarbiyyarsa ya fi cancanta da rangwamen. Wannan shi ne abin da na fi natsuwa da shi.

Kallo kuwa ya fi sauƙi. Azabar da aka ambata a kan mai yi take. Hoton da ke wucewa a allon talabijin ko waya ba a rataye yake ba, ba a girmama shi, da an kashe ya tafi. Tushen tsoron Shari'a game da hoto shi ne girmamawar da ke kai wa ga bauta, kamar yadda Ɗan Abbas ya faɗa game da Wadda da Suwa'a da Yagusa da Ya'uƙa da Nasra na Suratu Nuh, mutanen kirki da aka yi wa gumaka don tunawa har daga baya aka bauta musu, da kuma gasa da Allah a halitta. Yaron da ke kallon tsuntsuwar katun ba ya cikin ko ɗaya.

Batun cewa labarin ƙarya ne, a nan ban yarda da yayan maigidanki ba. Ƙaryar da aka haramta ita ce ka faɗi abin da ba haka yake ba don mai jinka ya ɗauka haka yake. Tatsuniya kuwa mai faɗa da mai saurare duk sun san misali ne. Ibn Hajar Haitami, babban malamin Shafi'iyya, ya faɗa a Tuhfatul Muhtaj cewa ya halatta a saurari labarin da aka tabbata bai faru ba, idan an nufi buga misali da wa'azi da koyar da hali kamar jarumta, ko da a bakin mutane aka sa shi ko a bakin dabbobi. Muƙamat na Hariri ƙagaggun labarai ne, kuma malamai sun yi ɗaruruwan shekaru suna karantar da su. Shi kuwa hadisin da ya ce bone ya tabbata ga mai yin ƙarya don ya ba mutane dariya, ya faɗa ne a kan wanda ke gabatar da ƙaryarsa a matsayin gaskiya.

Jigon fim ɗin ma Alƙur'ani ya riga shi. A Suratu Sad, aya ta 21 zuwa 24, masu husuma biyu sun haura wa Annabi Dawuda, ɗaya ya ce ɗan'uwansa yana da tumaki 99, shi yana da guda ɗaya, amma ɗan'uwan ya ce sai ya ba shi ita. Annabi Dawuda ya ce lalle da yawa daga abokan tarayya sashensu yana zaluntar sashe, sai waɗanda suka yi imani suka aikata ayyukan ƙwarai, kuma kaɗan ne su. Annabinmu ya ce da ɗan Adam yana da kwari biyu na dukiya da ya nemi na uku, kuma a Sahihu Muslim ya ce a ji tsoron rowa mai haɗe da zari, domin ita ta halaka waɗanda suka gabata, ta sa suka zubar da jinin juna. Labarin da zai sa yaro ya ƙi wannan hali tun yana ƙarami, ya gane kwaɗayi mabuɗin wahala ne, ya ga darajar abokin da ya yafe, alheri ne.

Inda nake so ki sa ido sosai shi ne wurin da ba a tambaye ni ba, wato aljanar nan. Tsuntsuwa mai magana ba ta dame ni ba, Alƙur'ani ya ba mu labarin tururuwa da alhudahuda a Suratun Naml. Amma a fim ɗin wa yake ba da arziki, wa yake hukunta mai laifi, wa yake yafewa? Idan yaro ya sha kallon cewa wata halitta a cikin bishiya ce ke azurtawa, tana mayar da mutum dutse, ana roƙonta tana amsawa, wannan yana taɓa aƙida, kuma yaro ɗan shekara biyar ba ya tace abin da ya shiga kansa. Idan aljanar ado ce kawai ta tatsuniya, ki yi musu bayani da bakinki cewa wannan ƙage ne, Allah kaɗai ke bayarwa yana hanawa, ya wadatar. Idan kuwa fim ɗin yana nuna yadda ake tsafi, ana karanta surkulle, ana durƙusa wa wani abu ana neman biyan bukata, ko an mayar da matsafi gwarzon da yaro zai so ya zama, to ki ɗauke shi daga gabansu, domin sihiri yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa.

Akwai wani abu kuma da ya fi wannan ɓoyuwa. Tatsuniyoyi da yawa suna zagin kwaɗayi da baki, amma a ƙarshe sai mai haƙuri ya tashi da zinariyar duka. Yaro mai wayo zai iya fahimtar cewa kirki dabara ce ta samun dukiya, kuma wannan ma kwaɗayi ne. A labarin da kika kawo, abokin kirkin ya rasa rabonsa ne don ya ceci ɗan'uwansa, wannan kuwa ya burge ni. Ki tambaye su, da a ce bai sami komai ba har ƙarshe, shin abin da ya yi daidai ne? Daga amsarsu za ki san abin da suka ɗauka.

Sauran sharuɗɗan sanannu ne. Kada a sami tsiraici ko soyayyar da ba ta dace da yaro ba, kada a zana annabawa ko mala'iku, kada kallo ya ci lokacin sallah da karatu. Kiɗa kuwa, jumhurun malamai sun hana kayan kiɗa ban da duffi, wato bandiri, wasu kamar Ibn Hazm sun halatta, don haka rage sauti a wurin da kiɗa ya yi yawa shi ya fi tsira.

Game da ɗanki, kada ki karya masa gwiwa, kuma kada ki ɓoye masa hadisin Ɗan Abbas. Ya kusa balaga, ya kamata ya san akwai manyan malamai da suke ganin zana mai rai haramun ne, ya shiga abin da saninsa. Wannan sana'a tana da rassa. Akwai masu zana dazuzzuka da gidaje da sararin sama da ake ɗora labarin a kansu, akwai masu launi, akwai masu tsara labari, kuma jumhurun malamai sun halatta zana abin da ba shi da rai. Idan ya tsaya nan ya fita daga saɓanin zana mai rai, kuma shi na fi so masa. Idan kuma ya zana mutane da dabbobi a takarda ko kwamfuta don koyar da yara alheri, yana bin Malikiyya da rangwamen kayan wasan yara, ba zan ce ya yi haramun ba, matuƙar ya nisanci sassaƙa mutum-mutumi da zanen batsa, kuma bai rataye zanensa a bango don ado ba. Shi kuma yayan maigidanki, idan ya zaɓi ya hana a gidansa ya riƙi ra'ayi mai tushe, a girmama shi, amma ba a tilasta wa wani a mas'alar da magabata suka yi saɓani a kanta. Ki sanar da maigidanki wannan amsa, ku yanke shawara tare, tunda shi ne uban yaran.

Allah ya shirya mana zuriya. Wallahu a'alam.