Dalar mutanen Maya: kabari ce ko wurin bauta?

Tambaya: Malam, na ga hoton wata dala ta mutanen Maya a Mekziko, sai na ga kamar ta Masar. Ita ma kabarin sarki ce?

Amsa: Kamar da ka gani a siffa ta tsaya. Dalar Masar an gina ta don a rufe Fir'auna a ciki, ba don hawa ba. Ta Maya kuwa matakala gare ta, a ƙolinta akwai ɗan ɗakin bauta inda sarki da malaman addininsu ke ƙona turare, jama'a na kallo daga fili. A imaninsu, duwatsu da kogwanni su ne mashigar lahira da mazaunin iyayengijin ruwa. Don haka dalar dutse ce da aka gina da hannu, ƙofar ɗakin kuma bakin kogo.

Ina zaton hoton dalar Kukulkan, ubangijinsu mai siffar maciji, ka gani, a tsohon birnin Cicen Itza. Ɓangarorinta huɗu, kowanne da matakala 91, in ka haɗa da dandamalin sama ka samu 365, kwanakin shekara. A watan Maris da Satumba, lokacin da dare da rana ke daidaita, inuwa kan sauko gefen matakalar arewa kamar maciji na gangarowa, har ta haɗu da kan macijin da aka sassaƙa a ƙasa. Masu yawon buɗe ido nan suke tururuwa, amma ni wata ƙatuwar rijiya da ke kusa ta fi ɗauke mini hankali. Yankin ba shi da koguna, rayuwa ta dogara ga damina, sai suka riƙa jefa wa Cak, ubangijin ruwan sama, kyaututtuka a cikinta. Da wani Ba'amurke mai suna Edward Thompson ya fara yashe ta a 1904, an fito da zinariya, koren dutse mai daraja, turare, da ƙasusuwan mutane, har da na yara.

Sai dai zatonka bai faɗi ƙasa banza ba. A 1952 masanin kayan tarihi Alberto Ruz ya bi wata ɓoyayyiyar matakala a cikin wata dala a Palenke, wani tsohon birnin Maya a Mekziko, ya tarar da kabarin Sarki Pakal, wanda ya yi mulki daga 615 zuwa 683. Binne sarki a can ya mai da shi kakan da ake roƙo.

Kuma Maya ba su ƙare ba. Miliyoyinsu na nan a Mekziko, Gwatamala da Beliz. Har yau a Tikal, tsohon birninsu a Gwatamala, masu lissafin kalandarsu mai kwana 260 kan hura wuta a tsakiyar kangon birnin, su zuba turare da kyandir suna addu'a.