An ɗaukaka ƙara: za a saki wanda ya ɓata min 'ya?

Tambaya: Malam, kotu ta ɗaure maƙwabcinmu shekara 15 kan lalata da 'yata 'yar shekara 11. Yanzu danginsa sun ce sun ɗaukaka ƙara, dattawan unguwa kuma suna ta sintiri gidana wai in yafe. Za a sake shi ne? Daga wata uwa a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri, ya ba yarinya lafiya. Kwantar da hankalinki. Ɗaukaka ƙara haƙƙinsa ne, amma shigar da takarda kawai ba ya buɗe ƙofar kurkuku. Yana nan ɗaure har sai Babbar Kotu ta yi magana, kuma ba kasafai ake ba da beli a wannan mataki ba.

Alƙalin sama ba sabuwar shari'a zai buɗe ba. Kundin ƙaramar kotu zai ɗauko ya karanta: me yarinya ta faɗa, me likita ya rubuta a takardar asibiti da 'yan sandan DOVVSU (sashen da ke kula da cin zarafi a cikin gida da tallafa wa waɗanda aka zalunta) suka ba ki, da me aka tabbatar da shekarunta. A nan lauyoyi suka fi sa ido, domin sashe na 101 na dokar laifuffuka ta 1960 ya rataya ne kan yarinyar ba ta kai 16 ba. In an tabbatar da haka, maganar wai ta yarda ba ta da wurin zama. Saboda haka takardar haihuwarta, ko katin awon nan da ya sha ninki a ƙasan akwati, ki adana su da kyau. Ƙaramin kuskure ba ya rushe hukunci, sai an nuna an tafka rashin adalci na gaske.

Yana iya roƙon sassauci. Doka ta ce daga shekara 7 zuwa 25, don haka muddin laifin na nan, ba a sauka ƙasa da 7. Kotun tana da ikon ƙara masa ma.

Batun dattawa shi ya fi ci min rai. Ƙarar ta gwamnatin Ghana ce, lauyan gwamnati ke riƙe da ita, ba ki da ikon janyewa ko da kin so. Ko dokar sassauci ga mai amsa laifi ta 2022 ba ta shafi wannan laifi ba. In sun dawo, ki gaishe su da ladabi, ki ce magana tana hannun hukuma. In kuwa abin ya kai ga barazana, a ranar ki koma wurin jami'in da ya yi binciken, riƙe da lambar ƙarar.