Re: Karin waƙar yana ɓace min idan mai kaɗa ogan (babban kayan kiɗan coci mai maɓallai) ya fara juya shi

Ɗan'uwa, ka ce kana jin karin a farko, da an fara juya shi sai ka rasa inda ya shige. Wallahi nima haka na sha fama a kwayarmu, wato ƙungiyar mawaƙanmu.

Karin bai tafi ko'ina ba, wuri yake canzawa. Wani zubin yana sama, wani zubin ya koma fedal ɗin ƙafa can ƙasa, an ja shi a hankali har kowane sauti ya ninka tsawonsa, ko a miƙa wa teno, wato muryar maza ta tsakiya. Kuskuren da yawancinmu ke yi shi ne bin murya ta sama kawai, alhali ita ado take yi.

Fara haddace karin tukuna, ka rera shi da baki. Sannan nemi aikin Maurice Duruflé, mai tsara kiɗa ɗan Faransa, na 1930 kan Veni Creator, tsohuwar waƙar coci ta Latin, ƙarshensa juyi ne bayan juyi, gwada ƙirga su. Akwai kuma kiɗan ogan mai suna Obangiji na Fela Sowande, mai tsara kiɗa ɗan Najeriya, kan karin Yarbawa ya gina shi.

In kuma bugawa kake so, kibod ɗin gida ba fedal, sai ka samu malamin ogan ya nuna maka aikin ƙafa.