Sauraren rediyon 'yan sha'awa daga ko'ina cikin gida

Tambaya: Malam, ina da na'urar rediyon 'yan sha'awa (wadda masu sha'awar rediyo ke hira da juna da ita) a ɗakina, kuma ina so in riƙa jin hirar da ake yi a gajeren zango na mita 40 ko ina tsakar gida. Shin ƙaramar na'urar watsa FM, irin ta mota, za ta yi mini aikin? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Za ta yi, ɗan'uwa. Ka haɗa mafitar sautin rediyonka da na'urar ta hanyar waya mai kai milimita 3.5, ka zaɓi mitar da babu tasha a kanta tsakanin megahaz 87.5 da 108, sannan ka kamo ta da rediyon hannu. Ka rage ƙarar sautin da ke shiga, domin idan ya yi yawa muryoyin za su dagule, musamman na SSB (salon aika murya da 'yan sha'awa ke amfani da shi), waɗanda dama sirara ne. Idan ka ji ƙugi lokacin da kake aika saƙo, ka nisanta na'urar FM ɗin daga wayar eriyar rediyonka, ka kuma sa zoben ferayit (ɗan zobe mai rage kutsen sigina) a wayar sautin.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarfin watsawa. A Turai nanowat 50 kawai aka amince wa irin waɗannan na'urori, a Najeriya kuwa watsa shirye-shirye a zangon FM yana buƙatar lasisin hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin. Saboda haka kada ka ƙara mata doguwar eriya ko amfulifaya, kada watsawar ta tsallake katangarka, kuma ka guji mitocin da ke kusa da megahaz 108, domin daga nan zangon jiragen sama ya fara.