Ɗana ya bugu a ka amma bai suma ba

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ɗana mai shekara 14 sun gwara kai da wani yaro a wajen ƙwallo. Bai suma ba, ya tashi ya ci gaba da wasa. Amma tun washegari yake kukan ciwon kai, haske na damun idonsa, kuma sai ya tambaye ni abu, an jima ya sake tambaya. Mahaifinsa ya ce tunda bai suma ba, babu komai. Haka ne?
Daga wata uwa.

Amsa: Sannu Malama, Allah Ya ba shi lafiya. Ba haka ba ne. Mafi yawan waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta girgizu ba sa suma. Ƙwaƙwalwa cikin ruwa take zaune a ƙoƙon kai. Idan kai ya bugu ko ya fizgu da ƙarfi, sai ta jijjiga, aikinta ya rikice na ɗan lokaci. Shi ya sa hoton ƙwaƙwalwa na asibiti (CT) yakan fito ƙalau alhali yaro na fama. Maimaita tambayar nan ita ta fi ɗaukar mana hankali, domin alamar mantuwa ce. A kai shi likita ya duba shi yau.

Akwai alamun da ba a jiran gari ya waye a kansu: amai fiye da sau ɗaya, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da aka kasa tashinsa, sarƙewar harshe, rashin ƙarfi a hannu ko ƙafa, farfaɗiya, baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, ko ruwa ko jini daga hanci ko kunne. Dalili shi ne jijiyar jini na iya fashewa a cikin kai, jinin ya riƙa taruwa yana danne ƙwaƙwalwa. Mutum sai ya yi awanni yana hira lafiya lau, sannan ya zube. Tsofaffi da masu shan maganin tsinka jini, su ko ƙaramin bugu ne a je asibiti.

Idan likita ya sallame shi, ya samu hutu na awa 24 zuwa 48, wani babba na kusa da shi. A bar shi ya yi barci, barcin magani ne. A rage masa waya da talabijin. Don ciwon kai farasitamol ya isa. Kada a ba shi asfirin.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne kulle yaro a ɗaki mai duhu mako guda, wannan jinkirta warkewa yake yi. Bayan kwana biyu ya fara tattaki na minti 10 zuwa 15, da ɗan karatu yana hutawa tsakani. Makaranta za ta riga ƙwallo.

Komawa fili mataki-mataki ne: tafiya, sassarfa, atisaye ba karo, sannan cikakken wasa da izinin likita, kowane mataki aƙalla awa 24. Idan ciwon ya taso, ya dakata, washegari ya koma matakin baya. Muna tsanantawa a nan ne saboda bugu na biyu kafin na farko ya warke na iya kumbura ƙwaƙwalwar matashi har ya kai ga rasa rai. Manya sukan warke cikin mako biyu, yara kan kai mako huɗu. Idan ya zarce haka, ku koma wurin likita.