Re: Da gaske ƙasa kan rufta ta zama tafki?

Malam Ahmad ai ba tatsuniya ba ce. Dubi yankin Heiliges Meer a Jamus kusa da garin Hopsten, can ƙarƙashin ƙasa akwai gishiri da wasu duwatsu masu narkewa, ruwa na ta cinsu har wajen ya zama kogo, rana ɗaya sai ƙasar da ke sama ta rufta. Haka tafkin Erdfallsee ya samu ran 14 ga Afrilu 1913, ruwa ya cika ramin, yanzu duk yankin gandu ne da ake karewa.

Ni dai abin da ya fi burge ni wata 'yar ciyawa ce a gefen fadama, ganyenta ja da gashi mai danƙo kamar raɓa, ƙuda ya sauka ya maƙale ta narkar da shi, don ƙasar wajen ba ta da taki sam. Kwaɗi da mazari kuwa ba a magana.