Me ya sa hazo ke hana jirgi sauka, alhali an ce yana saukar da kansa?

Ka ce mini, "Maigida, tunda an ce jirgi na iya sauka da kansa, me ya sa in hazo ya rufe Katsina sai a ɗage tafiya, fasinjoji su yi ta zaman jira?" Zauna ka ji, yarona, don wannan tambaya ita ce gindin aikinmu.

Jirgi ba ya gani. Tamkar makaho ne da ɗan jagora, kuma ɗan jagoran shi ne na'urar ILS, mai nuna wa jirgi hanyar sauka ta siginar rediyo, irin wadda mu ma'aikatan ƙasa ke kula da ita. Eriya biyu gare ta. Ta farko, lokalaiza, tana can ƙarshen titin jirgi, tana watsa sauti iri biyu, mai haz 90 da mai haz 150 (haz shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa ɗaya). In ɗaya ya rinjayi ɗaya, jirgi ya san ya karkace hagu ko dama. Inda suka zo daidai wa daida, nan ne tsakiyar titi. Ta biyu tana gefen titi, kusa da inda taya ke taɓa ƙasa, ita ke shimfiɗa masa gangara ta digiri 3. Idan ya kusa ƙasa, wata na'urar rediyo da ke cikinsa ta riƙa auna tazarar da ta rage, kwamfuta ta ɗaga hancinsa kaɗan, ta rage mai, ya dira.

Ba yau aka fara ba. Tun 1965 jirgin Trident na kamfanin BEA na Birtaniya ya sauka a Landan ɗauke da fasinjoji, na'ura ce ta dirar da shi. Hazon Ingila ne ya matsa musu suka ƙirƙiro ta.

To ga inda tambayarka take. ILS aji-aji ce. A aji na ɗaya, dole matuƙi ya hango titi ko fitilunsa kafin ya sauko ƙasa da ƙafa 200, kuma ganin da ake yi a kan titi ya kai mita 550. In bai gani ba, sai ya sake tashi sama. Aji na biyu ƙafa 100 ne da mita 300. Aji na uku ne ke ba da damar sauka ko da kusan ba a ganin komai. Amma sai abu uku sun haɗu: filin jirgi mai wannan aji, jirgin da ke da matuƙin kwamfuta biyu ko uku masu sa wa juna ido, da matuƙan da suka samu horo da izini. In ɗaya ya gaza, magana ta ƙare, komai sabuntar jirgin.

Kuma riƙe wannan aji aiki ne ja. In wuta ta ɗauke, dole wata ta karɓi manyan fitilun titi cikin daƙiƙa ɗaya. Mota ko wani jirgi in ya tsaya gaban eriya sai siginar ta lanƙwashe, shi ya sa ake ƙara tazara tsakanin jirage ranar hazo, sauka ta yi jinkiri ko a manyan filaye. Hatta ciyawar damina in ta yi tsawo gaban eriyar gangara tana iya taɓa ta, don siginar na dukan ƙasa ne kafin ta tashi. Ni a ganina, duk mai son a daina wahalar da matafiya lokacin hunturu, kuɗin kula da kayan nan ya kamata ya fara nema, kafin na sayen sabo.

Kada kuma ka ɗauka an sallami matuƙi. Yawancin sauka har yau da hannu ake yi. A 2009 jirgin Turkish Airlines ya faɗi dab da filin Amsterdam, saboda na'urar auna tazara ta nuna ƙafa 8 ƙasa da sifili, kwamfuta ta ɗauka an iso ƙasa ta rage mai, matuƙa ba su farga da wuri ba. Mutum 9 suka rasu. Kwamfuta ta yi aiki da abin da aka gaya mata ne, ƙarya aka gaya mata.

Shi ya sa nake matsa maka kan littafin awo. Gobe in Allah ya kai mu, bayan asuba, ka ɗauko shi da mitar auna sigina, mu je ɗakin lokalaiza. Kai za ka karanta lambobin, ka rubuta abin da ka gani da idonka, kada ka kwafi na jiya.